Rigar da Ta Kwana a Ƙusar Ammu Humaid

Duk masu aikin nutso a Dahab, garin da ke bakin Bahar Maliya, sun san Ammu Humaid, kodayake ba na jin akwai baƙon da ya taɓa riƙe sunansa. Shi ne tsohon da ke zaune a bayan shagonmu, gefen kwamin siminti da muke ɗauraye kaya, sanye da jallabiyar da gam ya gama ɓata wa gaba. Aikinsa gyaran rigunan iska, wato rigar da mai nutso ke ɗaura tukunyar iskarsa a jiki, ya hura ta in yana so ta ɗaga shi, ya sace ta in yana son sauka.

Ɗan ƙabilar Muzaina ne, a nan aka haife shi tun garin bai wuce dabino da 'yan bukkoki ba. Da ƙuruciyarsa nutson kamun kifi yake yi da numfashi ɗaya, ba tukunya ba riga, har dodon kunnensa na hagu ya fashe, na daman ma ya bi sahu a hankali. In za ka yi masa magana sai ka tsaya a gabansa ka buɗe murya. Ni kuwa daga Sohag na zo, can bakin kogin Nilu, da gemuna, ina tuƙa akori-kurar da ke kai tukwane bakin ruwa, ko iyo ban iya ba. Shi ya koya mini, a wuri marar zurfi, ya tallafe mini haɓa yana dariya. Tun ranar ya raɗa mini "ɗan ruwan daɗi", wai ni ɗan kogin Nilu ne, gishiri zai narkar da ni. Shekara takwas ina sa hannu a tirensa, muna cin gurasar da yake gasawa cikin toka, har na samu takardar jagoran masu nutso.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma ba ya sassauta ta don kowa. Duk rigar da ya taɓa, zai hura ta da bakinsa har ta yi tam, ya danna ta cikin kwami yana neman kumfa, sannan ya rataye ta a wata doguwar ƙusa ta kwana. Da safe ya danna ta da babban yatsa. In ta kwana da ƙarfinta ta shiga teku, in ta yi laushi ko yaya ta koma hannunsa, ko da baƙi ashirin na tsaye suna jira. Rigunan shagon nan tsofaffi ne, masu nauyin tsiya, duk faci, amma shekara ashirin da biyu ba wadda ta taɓa ba shi kunya. Bai da gona, bai da jirgin ruwa, wannan sunan shi ne abin da ya mallaka.

Shekarar da kaina ya kumbura, wani Bajamushe da na yi wa jagora sati biyu ya bar mini rigarsa kyauta. Irin ta matafiya ce, shuɗiya, ba aljihu ba tarkace, kana iya naɗe ta kamar dardumar salla ka sa a hammata. Na kai wa Ammu Humaid don ya canza mata robar bawul. Ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya jijjiga, ya taɓe baki.

"Ɗan ruwan daɗi, wannan ai rigar bazara ce. An yi ta ne don mai siririyar rigar roba da dalmar nutsewa kilo uku a ɗamara. Cikinta ƙarami ne, ba za ta ɗauke ka da kayan sanyi ba."

Baƙi shida na zaune a kan kilishi suna shan shayi, biyu daga cikinsu 'yan mata ne daga Alƙahira. Sai na ji tsohon nan ya zubar mini da girma. Na ɗaga murya, ba don ya ji ba, don su ji.

"Ammu, kai da ba ka taɓa goya tukunya ba, me ka sani? Duniya ta ci gaba, ta bar ka da facinka. Kuma don Allah a gaban baƙi Kyaftin Rajab ake ce mini."

'Yan matan suka ƙyalƙyale. Tsohon ya dube ni, ya ce, "To." Ya canza robar, ya hura rigar, ya rataye ta. Da safe ya danna, ya miƙo mini.

Watan Janairu ne, ruwa ya yi sanyi. Na sa rigar roba mafi kauri, wadda sai da dalma kilo goma take barin mutum ya sauka a gishirin Bahar Maliya. Al'adarmu ce kuma jagora ya riƙa ɗaukar ƙarin dalma saboda baƙon da zai kasa nutsewa, a tsofaffin riguna a aljihu muke zuba ta. Sabuwar ba aljihu, sai na zura kilo huɗu a ɗamarata, suka zama sha huɗu. Na kuma goya babbar tukunyar ƙarfe don kada iska ta ƙare mini a gaban mutane. Duk wannan ba wanda ya sa ni, ni na ɗora wa kaina.

A gangaren murjani da ke arewa da gari muka shiga, inda bangon yake miƙewa ƙasa har ido ya daina gani. Da muka kai mita talatin, ruwa ya matse rigar robar ta zama kamar takarda, nauyina ya dawo mini gaba ɗaya. Na danna maɓalli, rigar iska ta cika. Na sake dannawa, sai ta fara amayar da rarar ta kafaɗa, alamar ta kai iyakarta. Ni kuwa sai sauka nake yi. Na yi ta harbin ruwa har numfashina ya sarƙe, ina kallon baƙina shida suna ƙanƙancewa a samana. A mita arba'in da ɗoriya na fizge ɗamarar dalmar na sake ta. Na ji ƙararta tana karya murjani tana gangarawa, ni kuma na yo sama da gudun da muke hana ɗalibai saboda haɗarinsa. Abokin aikina da ke bayan ayari ne ya fito da baƙin. Ni aka kwantar da ni a bayan mota da robar iskar asibiti a hanci, mutane sun kewaye ni.

Da la'asar mai shagon, Ustaz Midhat, mutumin Alƙahira, ya tsaya a kaina ya ce, "Me ya faru, Kyaftin?"

Gaskiyar ba ta wuce kalma goma ba. Amma na tuna dariyar 'yan matan, na tuna takardata, sai bakina ya ce, "Rigar ce ta sace. Tun da aka taɓa bawul ɗin."

Kowa ya san wanda ya taɓa bawul. Ustaz Midhat ya nufi bayan shago, ya tsaya gaban tsohon ya faɗa masa da ƙarfi. Ammu Humaid bai yi musu ba. Ya karɓi rigar, ya sa baki ya hura ta, ya danna a kwami, ko ƙwayar kumfa ɗaya ba ta fito ba. Ya rataye ta a ƙusa.

"Bari ta kwana. In ta yi laushi, laifina ne, kuma ba zan sake taɓa rigar kowa ba."

Washegari ana idar da sallar asuba na riga kowa zuwa. Rigar na nan tam kamar ganga. Na duba hagu da dama, na kama igiyar kafaɗa da ke sace iska na ja kaɗan. Iska ta fita da shuu. Abin da ya zo raina a lokacin, Allah ya yafe mini, shi ne ko yana kusa ba zai ji ba. Da na juya sai ga shi tsugune a lungun tukwane, yana hura gawayin shayi, idonsa a kaina. Ya tsiyaya shayi mai ganyen habak, irin na'ana'ar daji, a ƙaramin kofi, ya miƙo mini. Na karɓa na sha, don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Da Ustaz Midhat ya iso, tsohon ya je ya danna rigar a gabansa, yatsa ya lotsa. Ya ce, "Ta yi laushi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya tattara allurarsa da gwangwanin gam a ƙunshi, ya yi wa kowa sallama, ya tafi. Kafin sati labari ya zaga shagunan bakin ruwa cewa tsufa ya kama hannun Humaid, saura ƙiris ya kashe jagora. Ba wanda ya sake kai masa ko takalmin iyo.

Sai da na yi shekara biyu ina sauya hanya in na hango farar jallabiya, sannan na gaya wa Ustaz Midhat gaskiya. Ya zage ni tas, na cancanta. Ya aika wa tsohon ya dawo, tsohon ya amsa da cewa ya gode, idonsa ya yi rauni. Na bi shagunan ɗaya bayan ɗaya ina warware maganar, amma kowa sai ya ɗaga kafaɗa, don sun riga sun saba aika kayansu gyara garin Sharm.

Daga ƙarshe na je gidansa. Na same shi a gindin dabino yana ɗinkin koma. Na durƙusa a gabansa, na buɗe murya yadda zai ji, har maƙwabta suka ji.

"Ammu, ni na sace rigar nan da hannuna."

"Na gani. Kunnena ne ya mutu, ba idona ba."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Shekara takwas hannunka na cikin tirena. In tona ka a gaban mutumin Alƙahira?" Ya ja zare da haƙori. "Kilo nawa ne a ɗamarar?"

"Sha huɗu."

Ya girgiza kai. "Allah ya yi da sauran kwananka."

Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun a ranar, kuma na yarda, don ban taɓa jin ya yi ƙarya ba. Na zauna ina jira ya tsokane ni, ya kira ni da sunan nan, ɗan ruwan daɗi, ko sau ɗaya. Sai ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da kofi mai bakin zinare wanda yake ajiye wa baƙi, ya ɗauraye shi, ya cika, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Bismillah, Kyaftin Rajab."

Shekara shida ke nan ina zuwa gaishe shi duk Juma'a, kuma har yau da wannan kofin yake ba ni shayi.