Kalma ɗaya ta fasa mini leɓe a kasuwar Shinkafi

Jama'a, yau saura ƙiris a kashe ni.

Kun san binciken da nake yi wa makaranta a kan kalmar "nyam". A Fulatanci tana nufin ci, masu Sawahili nama suke kira nyama, har can Jamaika ana amfani da ita. Na tsuguna gaban wata tsohuwar Bafulatana mai fura da nono, tana faɗar kalmar, ina ɗauka a waya, ina rubutawa a littafina.

Sai jin gora na yi a gadon baya. 'Yan sa-kai ne su uku.

"Mi kaka rubutawa da Hillani? Infoman ɓarayin daji!"

Kafin in buɗe baki sun kifa ni. Takalmi a haƙarƙari, leɓena ya fashe. Mutane suka taru, wani har yana cewa a kawo fetur.

Tsohuwar nan ta faɗo kaina, ta tare gora da ƙwaryarta. Ƙwarya ta tarwatse, goshinta ya tsage, nono ya wanke mu.

"Ku duba takardar tukuna, 'ya'yan nan!" in ji ta.

Babbansu ya buɗe littafin shafi-shafi.

"Babu sunan gari, babu na mutum? Duk kalma guda?"

Na gyaɗa kai.

"Wanga ba infoma ba ne, marar aikin yi ne." Ya jefo mini littafin, suka wuce.

Inna mai furar ta tsinci curin fura ɗaya da bai taɓa ƙasa ba, ta danƙa mini.

"Nyaam, ɗana."

Da jini a baki na ci.