Yaya da Tayar Hagu

Yayana bakanike ne tun ina rarrafe, kuma duk layinmu an san shi da kunne. Mota tana shigowa gareji, kafin direba ya kashe ta, ya riga ya faɗi ciwonta. Ni tela ne, shagona na jikin katangarsa, don haka na sha ganin direbobi suna fitowa baki buɗe. Mutum ne mai taurin kai da son a yabe shi, ba zan ɓoye ba don ɗan'uwana ne. Amma aikinsa ya kai a yaba.

Sai girma ya zo ya fara da kunnen. Ka ce masa ina kwana, ya ce a'a ya ƙoshi. Rediyon gareji kuwa sai ya murɗe shi har ƙurya, ya ce wai batir ne ya yi sanyi. Kowa ya gane, ba mai iya faɗa. Babban ɗansa, wanda shi ma bakanike ne mai iyali kuma tare suke aiki, ya same ni a shago ya ce, "Baffa, ka yi wa Baba magana ya koma gida ya huta. Ni in na faɗa, sai ya ce korarsa nake."

Na ce to, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na san Yaya. Ranar da aka raba shi da sifana da sauran kayan aikinsa, an gama da shi.

Ban kai ga yin maganar ba sai ga wani mai ƙwai da akori-kurarsa, yana huci. Tayar gaba tana ta gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, in ya karya kwana dama kuma sai ƙarar ta ƙaru. Ɗan Yaya ya riga ya canza masa boris ɗin dama, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, amma ƙara na nan daram.

"Ku kira mini tsohon," in ji mai ƙwai. "Shi na sani. Ya shiga mu zaga ya saurara."

Yaya ya shiga, suka zaga layi suka dawo. Da ya fito na dubi fuskarsa na san bai ji komai ba. Mai faci da mai walda duk sun bar aikinsu sun matso, ana jiran hukunci. Na zaci zai yi ɗan kame-kame ya ce a sake dubawa. Sai ya goge hannu da tsumma ya ce da ƙarfi, irin ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa, "Kunnena ya tafi, jama'a. Ban ji ko ƙis ba. Ku ɗaga mini gaban motar."

Ɗansa ya sunkuyar da kai ya jawo jak. Da tayoyin gaba suka bar ƙasa, Yaya ya durƙusa a dama, ya zura hannu bayan taya ya kama sifirin, wato ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, ya ce a juya. Aka juya tayar da ƙarfi. Ya rufe ido, ya daɗe, ya girgiza kai. Ya rarrafa hagu yana nishi saboda gwiwa.

"Baba, ai ba nan ba ne, a dama take kuka!" ɗan ya ɗaga murya.

"Juya dai."

Tayar ba ta gama zagaye biyu ba Yaya ya buɗe ido yana murmushi. Ya fizgo hannun ɗansa ya ɗora inda nasa yake, ya sa mai faci ya juya. Na ga idon ɗan ya fito.

"Yana rawa, Baba! Kamar da yashi a ciki!"

Yaya ya ce, "To. In mota ta karya dama, nauyinta ina yake faɗawa? Hagu. Mai ciwon ne ke ihu in an danne shi. Kai kuma ka je ka yi wa mai lafiya tiyata."

Aka kwashe da dariya, har da ɗan. Yaya bai bar kowa ya taɓa ba. Da kansa ya kwance taya da birki, ya fito da boris ɗin hagu. Giris ɗin ya bushe ya yi baƙi ƙirin, da ɓurɓushin ƙarfe a ciki, jikinsa duk ya ciccinye. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana nuna mana, har ni da ban san komai ba sai zare da allura. Ya wanke mazaunin tas, ya cika sabo da giris, ya zaunar da shi a hankali, ya ɗaure.

Wajen gwaji na cusa kaina a gaba tare da su. Yaya ya cire takalmi ya kafa tafin ƙafarsa a daɓen motar. Mai ƙwai ya taka wuta, ya karya dama, ya karya hagu. Kafin kowa ya buɗe baki Yaya ya ce, "Ta yi shiru."

Ta yi kuwa. Mai ƙwai ya dinga dukan sitiyari yana ihu, ni kuma na juya fuska waje don ƙwallar daɗi ta cika mini ido.

Maganar hutu ban yi ta ba, ba kuma wanda ya sake tuna mini. Washegari ina kan keke ina ɗinki na hango ɗan ya ɗaga gaban wata mota. Ya tsaya ya yi ta saurare, sannan ya taka har inda uban yake zaune, ya dafa kafaɗarsa ya ce a saitin kunnensa, "Baba, taso ka taɓa mini wannan."