Fangali na Tara da Tokar Dulcie

Shekara ashirin da shida na yi ina aiki a lambun wardi na garinmu, nan bakin kogin Murray, kuma in ka tambaye ni abin da na fi tsana a aikin, ba ƙaya ba ce, ba zafin Janairu ba ne, watan da rana ta fi ƙuna a ƙasarmu. Mutane ne. Da Nuwamba ta kama, wardi ya buɗe, sai motoci su yi ta sauke su: tsofaffi da sanduna, amare da masu ɗaukar hoto, matan da za su tsaya a kanka suna koya maka yankan reshe alhali ko tukunyar fure ɗaya ba su taɓa rayawa ba. Sai kuma masu zuwa da matattunsu. Su ba a ganinsu cikin taro. Da sassafe suke zuwa, jaka a hammata, su waiga hagu su waiga dama, su juye tokar gawar uwa ko ta miji da aka ƙona a gindin fure, su share hawaye su tafi. Akwai allo a ƙofa da ya hana, amma wa ke karanta allo yana ɗauke da gawar uwarsa? Toka kuwa gishiri ce zalla, saiwa take ƙonawa.

Alwyn Kruger yana cikin waɗannan, amma nasa salon daban ne.

Na san shi tun ina yaro. Shi ne mai buɗe ruwa a magudanan da ke shayar da gonakin lemu, har da gonar babana. Dogo ne, busasshe, hularsa ta ci rana har ta rasa launi. Shekara arba'in yana zagaya magudanai da tsohuwar motarsa, ya buɗe ma wannan, ya rufe ma wancan, kuma ba a taɓa jin ya ƙara wa kowa ko minti ɗaya ba. Babana yakan ce da Alwyn ne ke riƙe da ruwan sama, da sai ka cika takarda kafin ya ɗiga maka. Ba mugu ba ne. Mutum ne da bai san yadda ake sassautawa ba, ko a kan kansa.

Matarsa Dulcie ita ce mai dafa abinci a makarantar firamare, gajeruwa mai yawan dariya. Kowace Nuwamba takan zo lambu ita kaɗai, ta yi ta sunkuya tana shinshina fure, ta fi daɗewa a fangali na tara inda muke da wani jan wardi mai duhu. Alwyn yakan kawo ta, amma ba ya shigowa. A mota yake zama ya kunna rediyo yana sauraren sukuwar dawaki. In ta wuce rabin awa sai ka ji ƙaho.

"Kosta, ka ji maigidan nawa," takan ce mini tana dariya. "Wai ya gaji da ganin ganye duk mako. In na mutu ma ƙaho zai danna wa masu ɗaukar makara."

Ciwon daji ya ɗauke ta cikin wata huɗu. Mako biyu bayan an ƙona gawar, wata Alhamis da safe ina jan tiyo, na ga Alwyn ya shigo ta ƙofa a karon farko a rayuwarsa, sanye da kwat ɗin zuwa coci, gwangwanin biskit a hannu. Ya nufi fangali na tara kamar an nuna masa. Ya durƙusa da ƙyar, ya buɗe gwangwani, ya zaro cokali daga aljihu, ya ɗebi tokar Dulcie cokali ɗaya, ya tone ƙasa da yatsa ya zuba ya rufe. Sannan ya koma kan benci ya zauna awa guda, gwangwani a cinya.

Alhamis ta gaba ya dawo. Ta gaba ma haka. Cokali ɗaya kowane mako, ko da fure ko babu.

A ta huɗu na kasa haƙuri. Na je na tsaya a kansa.

"Baba Alwyn, ka san dai an hana wannan."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Kai ɗan Manolis ne, ko? Ubanka ma ya san an hana satar ruwa."

"To na ji. Amma me ya sa ba ka zuba gaba ɗaya ka huta ba?"

"Shekara arba'in tana roƙona in shigo da ita nan," ya ce. "Yanzu ina shigowa da ita. In na juye ta yau, mako mai zuwa da wa zan zo?"

Na koma kan tiyona. Ban kai ƙararsa ba, kuma daga ranar muka zama abin da shi zai iya kira abokai, wato in wuce ya ɗaga mini haɓa. Wani lokaci yakan miƙo mini shayi a murfin filas ya ce, "Sha, malalaci, hukuma na biyanka don tsayuwa."

A shekara ta uku furen ya fara nuna ciwo. Bakin ganye ya ƙone, sabon tsiro ya fito rawaya, kan furen da a da yake cika tafin hannu ya koma kamar na ɗan yatsa. Ba Dulcie kaɗai ba ce a fangalin nan, Allah kaɗai ya san mutum nawa ke kwance a ciki, amma gindin da ya fi lalacewa nata ne. Na ƙara taki, na kwarara ruwa don ya wanke gishirin, duk a banza. Wata rana na daure na gaya masa.

"Baba, tokar ce ke kashe shi."

Ya juyo ya dube ni, idonsa ya yi ja. "Matata ba guba ba ce. Kai ne ba ka iya aikinka ba. Na ga yadda kake ba da ruwa, ko akuya ba za ta ƙoshi ba."

Bai tsaya nan ba. Ya zauna ya rubuta wa hukumar gari takarda shafi uku, da kwanan wata da sa'a, duk ranar da ya ga na makara, duk ranar da ya ga ina zaune. Shekara arba'in ɗin da ya yi yana rubuta lokacin ruwa ba su tafi a banza ba. Shugabarmu Raelene ta kira ni ofis ta yi mini wankin babban bargo a gaban mutane, aka sa mini takardar gargaɗi a fayil, irinta ta farko a rayuwata. Na fito zuciyata na tafasa. Na rufa wa tsohon nan asiri shekara uku, abin da ya saka mini da shi ke nan.

A shekara ta huɗu gwangwanin ya ƙare. Dulcie gaba ɗayanta ta koma fangali na tara, ya ci gaba da zuwa hannu wofi. A farkon sanyi ya zame a banɗaki ya karya ƙugu, aka kwantar da shi. Cikin wannan lokacin ne aka auna ƙasar, Raelene ta ce fangali na tara ya mutu, za a kwashe shi har zurfin ƙugu a kawo sabuwar ƙasa. Aka manna sanarwa a allo mako uku kafin ranar.

Na san bai ga sanarwar ba. Na san ɗakin da yake kwance, tafiyar minti biyar ce daga lambu. Na san kuma da baro ɗaya da shebur zan iya kwashe ƙasar gindin furen in ajiye a gefe, ba wanda zai ce mini uffan. Kullum sai in ce gobe. Gaskiyar magana ba mantuwa ba ce, haushi ne. Ranar da motar haƙa ta zo ina tsaye hannu a aljihu. Tifa uku aka cika, suka nufi jujin gari, inda ake amfani da irin wannan ƙasa a rufe shara. Sai da ta ƙarshe ta fita ƙofa na ciro hannu daga aljihu, amma aikin gama ya gama.

Da Nuwamba ya dawo, yana tura keken tafiya na tsofaffi, ya rame har kwat ɗin na rawa a jikinsa. Lambu cike da jama'a, ana ɗaukar wata amarya hoto. Ya tsaya gaban fangali na tara, inda ƙananan farin wardi suka jeru cikin baƙar sabuwar ƙasa. Ya daɗe. Sannan ya kira ni da muryar da ban taɓa jin ta a bakinsa ba.

"Ɗan nan, ina kuka kai ta?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Bakina ya buɗe kafin in yi tunani. "Na kwashe ta, Baba. Da hannuna, baro biyu. Tana can gindin itacen zaitun na bakin katanga."

Ya kama hannuna da hannuwansa biyu. "Bayan takardar da na rubuta a kanka?"

"Ya wuce," na ce.

"Ubanka ya haifi mutum," ya ce, hawaye na bin kumatunsa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na kai masa benci gindin zaitun. Shekara biyu yana zuwa kowace Alhamis, ya zauna yana magana ƙasa-ƙasa da ƙasar da babu komai cikinta sai tururuwa da murafun kwalba. Ya sake rubuta wa hukuma takarda, wannan karon ta yabo. Yakan kawo mini lemu cikin leda. Ban taɓa iya cin ko ɗaya ba, maƙwabta nake ba wa. Sau da yawa na shirya gaya masa, sai in tambayi kaina wa gaskiyar za ta amfana, shi ko ni, in yi shiru.

Ya rasu a watan Satumba, saura kaɗan fure ya buɗe. Bayan kwana goma 'yarsa Glenys, wadda ke zaune can birnin Perth mai nisa, ta same ni a rumfar kayan aiki da ɗan ƙaramin akwatin tokarsa a hannu, motar haya na jiranta a waje.

"Kai ne Kosta? Baba ya bar wannan." Ta miƙo mini takarda da rubutunsa mai tsayi. Layi biyu ne: A zuba ni inda Dulcie take, gaba ɗaya, kada a raba. Kosta ya san wurin.

"Akwai abin da ya kamata ki sani," na fara.

"Don Allah kar ka ƙara mini," ta ce, idonta a kumbure. "Jirgi zan kama. Kai ya yarda da kai, ni ma na yarda. Ka haɗa su kawai."

Kwana biyu akwatin na kan teburina. Gindin zaitun wuri ne mai inuwa, ana jin ƙamshin fure daga nan, kuma can yake nufi. Amma ba haka ya rubuta ba, kuma na riga na raba shi da matarsa sau ɗaya.

Da safen Alhamis na sa akwatin a kujerar gaban motata na ɗaura masa bel, na kama hanyar jujin gari. Tun daga nesa wari ya tare ni, tsuntsaye na shawagi a kan tulin shara. Mai gadin juji ya leƙo daga ɗakinsa yana tauna burodi.

"Ƙasar da aka kawo daga lambu shekara biyu da suka wuce, a wane gefe aka zuba?" na tambaye shi.

Ya nuna wani tudu da haɓa, can inda motar turawa ke aiki. "Can ƙarƙashi. An yi mata hawa huɗu a kai tun lokacin." Ya ɗauki takardarsa, ya leƙa bayan mota ya ga babu komai. "Me ka kawo? Sharar gida ko ta lambu?"

Na dubi akwatin.

"Ta lambu," na ce.

Ya rubuta, ya ɗaga mini ƙarfen ƙofa.