Goran Irin Albasa da Yohanna Ya Riƙe Mini

Shekara goma sha biyu ke nan cif da muka sa taubashina Yohanna a ƙasa, a bayan majami'ar garinmu da ke bakin tafki ta wajen Warra. Amma duk lokacin da na zauna tuna shi, zuciyata ba ta tsayawa a ranar jana'izar. Takan koma shekarar da aka tare ruwa a Kainji, shekara takwas bayan samun mulkin kai, lokacin da aka kwashe mu daga gungu, tsibirinmu na tsakiyar kogi, aka kai mu gidajen siminti a kan tudu. A shekarar nan na san ko wane ne Yohanna, ko da yake tare muka tashi.

Ɗan kawuna ne, don haka wasan taubasantaka bai taɓa yankewa tsakaninmu ba. Ni ina ce masa bawana, shi yana ce mini Malam Tawada, saboda ƙanen mahaifina, malami a Yelwa, ya koya mini ajami tun ina ƙarami. Gidanmu akwai mai salla, akwai mai bin al'adar kakanni, akwai mu da muka karɓi bishara. Rana ɗaya aka yi mana baftisma ni da Yohanna a cikin kogi. Shi bai iya karatu ko na boko ko na ajami ba, sai dai abin da ya ji ana karantawa ranar Lahadi ya riƙe shi da ka, ya tafi da shi lambu.

Mu mutanen gungu albasa ce rayuwarmu, kowane gida kuma yana da nasa iri. Akan zuba shi a gora, a haɗa da toka, a toshe, a rataye a rufin ɗaki. Mahaifina ya rasu ana saura 'yan watanni a tashi. Kafin ya cika ya nuna mini goransa, ya ce irin nan daga kakansa ya zo, bai taɓa gauraya da na kowa ba, kada in bar shi ya fita daga gidanmu. Da aka tashe mu, zuciyata ta ƙi sabon garin. Na rubuta sunan mahaifina da ajami a jikin goran, na ba Yohanna ajiya, na ɗauki Inna muka tafi Yelwa, na shimfiɗa tabarma a kasuwa ina rubuta wa fatake wasiƙu.

Sai mutanenmu suka yi kuskuren da wanda bai san kogi ba ba zai yi ba. Tun kakanni mun san lokacin da ruwa ke tsayawa bayan damina, ya fara ja da baya, a bi shi a yayyafa iri a danshin gaɓa. Da lokacin ya yi, kowa ya sauka bakin ruwa ya yayyafa nasa. Ba wanda ya tuna cewa abin da ke gabansu ba kogi ba ne kuma. Ruwan ya ci gaba da hawa, a hankali, ba ƙara ba igiya, har ya shafe fangalin kowa. Irin Yohanna ya tafi duka. Yana da 'ya'ya biyu, matarsa Saratu tana da ciki, a rufin ɗakinsa kuma ga gorana cike.

Maƙwabta sun gaya masa abin da kowa zai gaya masa. Sun ce ni Dauda na zama ɗan birni, ba zan sake riƙe fartanya ba, irin albasa kuwa in ya daɗe a rataye mutuwa yake yi. Saratu ma ta ce hakan. Yohanna ya ce ba nasa ba ne, sai ya tambayi mai shi. Ya tuƙa kwale-kwale kwana biyu har Yelwa.

Ya same ni ina rubuta wa wani mai bandar kifi wasiƙa. Ya tsuguna gefen tabarma ya jira na gama, sannan ya ce, "Malam Tawada, bawanka ya zo roƙo." Ya gaya mini abin da ruwa ya yi, ya roƙi in ba shi rabin irin ya shuka wa iyalinsa. Ina jin kunyar rubuta amsar da na ba shi, amma da ita aka yi labarin. Na ce wasiyyar mahaifina ce, iri ba zai bar gidanmu ba, shi kuwa ɗan kawu ne, ba ɗan gida ba. Ya ce to, amma in na bar shi a rataye zai mutu a banza. Na ce, "In kana da ƙarfi ka shuka mini. Amma ko ƙwaya ɗaya kada ta zama taka."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Na ji."

A raina na ɗauka zai ɗebi rabonsa a ɓoye, kuma na shirya in yi kamar ban sani ba. Da haka zan cika wasiyya a baki, shi kuma ya ɗauki laifin. Ban san da wanda nake magana ba.

Albasa ba ta ba da iri a shekara ɗaya. A shekarar farko a yayyafa, a yi dashe, a samu kawuna. A ta biyu a zaɓi kawunan kirki a sake binnewa, su yi fure, sannan a samu baƙaƙen ƙwayoyin nan. Yohanna ya yi fangali can sama inda ruwa ba zai kai ba, yana ɗauko ruwa da tulu safe da yamma duk tsawon rani. Tsakanin haka yana bin jirgin wani masunci don iyalinsa su ci. Da ya cire albasar, ya ware ta iri, sauran ya loda a kwale-kwale ya kai wa Inna. Saratu ta gaya mini daga baya cewa ta yi wata huɗu tana miya ba albasa, alhali ga albasa shanye a tsakar gidanta. Ta ce wata rana ta ɗauki guda ɗaya, ƙarama, ya gani, bai yi faɗa ba, sai ya ce mata ta mai tawada ce, za ta ɓata mata miya da baƙi. Ta yi dariya don haushi, ta mayar.

Bayan rani na biyu ya kawo mini goran, ya fi yadda na ba shi nauyi. Na kasa haɗa ido da shi. Na nemi ƙwarya na fara zuba masa rabi, ya dafe bakin goran da hannu.

"Bara waccan nake bukata," ya ce. "Bana na samo iri a Shanga. Ajiye mini nawa a wurinka. Ranar da nake so zan aiko."

Ba da zafi ya faɗa ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Na tambaye shi me ya hana shi ɗiba, tun da ba mai gani. Ya ce ya ji ana karantawa cewa Ubangiji yana duban yadda mutum ya riƙe ƙaramin abu kafin ya danƙa masa babba, shi kuwa bai ga abin da ya kai ƙwayar albasa ƙanƙanta ba. A shekarar na naɗe tabarmata na koma gida, na koma lambu. Tun daga lokacin ban bar irin nan ya yanke ba, kuma duk shekara ina ware rabin Yohanna, in sabunta shi. Shekara ta bi shekara muna zama a benci ɗaya a majami'a, yana tsokanata ina tsokanarsa, bai taɓa aikowa ba har ya rasu.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Injin ban ruwa ya maye gurbin tulu, jiragen ruwa suna gudu da inji, iri yana zuwa a gwangwani daga kanti. Na san zai yi murna da injin, don bayansa ya sha wuya. Amma da ya ga buhun albasa da aka jera manya a sama aka cusa ruɓaɓɓu a tsakiya, kuma mai buhun yana cikin masu rera waƙa ranar Lahadi, na san zai yi shiru irin shirun da ya yi mini a kasuwar Yelwa. Ga 'yan'uwana masu bi da ke ganin riƙon gaskiya a ƙananan abubuwa wauta ce a wannan zamani, ina ce muku ku daure. Na ga mutumin da ya yi, bai mutu da yunwa ba, 'ya'yansa sun girma, kuma har yau a garinmu in za a ba da ajiya gidansa ake fara tunawa. Bangaskiyar da na gani a wurinsa ba a kan mumbari take ba. Tana cikin tulun da ya ɗauka safe da yamma, rani biyu, don lambun wanda ya wulaƙanta shi.

A daminar da ta wuce ruwa ya yi ambaliya, ya rushe ɗakin ajiyar Rifkatu, 'yar da Saratu ke ɗauke da cikinta a waccan shekara. Irinta ya jiƙe ya lalace. Ran nan da hantsi ta shigo gidana, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba Dauda, kafin Baba ya rasu ya bar mini saƙo. Ya ce in iri ya taɓa ƙare mini, in zo wurin Malam Tawada in ce masa bawansa ya aiko."

Na tashi na sauko da goran, sunan mahaifina ya kusa gogewa a jikinsa. Ta miƙo ƙwarya don in zuba mata rabi. Na ce ta ajiye ƙwaryar, na sa mata goran duka a hannu. Ta ce ai an ce irin nan ba ya barin gida.

Na ce mata, "Bai bar gida ba, 'yata. Yau ne ma ya isa gida."