Ɗan Fari a Bayan Kanta

A Fatakwal aka haife ni, kuma har yau albasa da wake nake sayarwa a kasuwar Creek Road, a rumfar da mahaifina ya bar mana. Tun ina saurayi manyan unguwarmu suka lura bakina ya karye da Turancin buroka kamar na 'yan gari, sai suka ɗora mini aikin da ban nema ba. Duk sa'ad da 'yan sanda suka kama wani namu, ni ake turawa caji ofis in yi tafinta. Na yi ta zuwa har na san yadda ake shiga: ba a farawa da abin da ya kawo mutum, sai an gaida kofur ɗin kanta, an tambaye shi aiki da iyali, an bar shi ya gama nuna shi ne da wurin. Ni kuwa mai zuciya ne, kowa ya sani, matata ma ta sha cewa wata rana za a haɗa ni da wanda na je fitarwa a kulle mu tare.

Wata Alhamis da rana aka yi samame a mahaɗar Rumuokoro. An fasa wani shagon wayoyi a kusa da tasha, 'yan sanda suka zo suka kwashe duk mai baro da suka tarar a tsaye. Kafin sallar Juma'a mun fitar da kusan kowa, saura mutum ɗaya, wani magidanci ɗan kimanin shekara talatin da ya zo cin rani daga wani ƙauye can gabashin Kano. An ce baronsa ne aka gani a ƙofar shagon. Shi kuma ya rantse nan yake ajiye shi kullum in zai je salla.

Sufeton da ke riƙe da maganar ba mugu ba ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Mutum ne gajiyayye mai jan ido, wanda ya riga ya yanke wa ransa cewa kowa ƙarya yake yi masa. Ya ce zai ba da beli, amma mutumin ba shi da adireshi, a wani kango yake kwana da abokan aikinsa. Na ce zan tsaya masa. Ya tuna mini wani da na taɓa tsaya wa, wanda ya tsere arewa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya ce wannan karon sai ɗan'uwa na jini, in ba haka ba ranar Litinin kotu. Mu kuwa mun san abin da kotu take nufi ga mai baro: a ce a ajiye shi gidan yari jiran shari'a, daga nan sai abin da Allah ya yi.

Aka buga waya ƙauye. Mahaifin mutumin ya hau motar albasa, ya kwana biyu a kan buhuna, ya sauka ranar Lahadi da safe. Dogon tsoho ne siriri, da riga mai ruwan toka da ɗan ƙullin kaya a hammata. Muka gaisa gaisuwa irin ta mutanen da, har na gaji da amsawa. A cikin keke, muna tafiya caji ofis, ya tambaye ni kasuwa, ya tambaye ni ko ruwan nan haka yake zuba kullum, ya yi mamakin yadda ciyawa ke fitowa a jikin bango. Bai tambaye ni ɗansa ba. Da na gaji na ce, "Baba, ba ka tambayi lafiyar wanda ka zo dominsa ba." Ya kalli titi ya ce, "Ai yana hannun Allah, Alhaji." Na ce a raina, wannan tsoho da taurin zuciya yake.

Sufeto ya kalle shi sama da ƙasa. Ya ce mini ya san tsofaffin haya, waɗanda ake ɗaukowa a bakin masallaci a ce su ne uba. Gaskiya ne ana yi, kuma namu ma sun yi, ba zan ɓoye ba. Ya rufe takardar da ke gabansa da tafin hannu ya ce tsohon ya faɗi sunan ɗansa.

Na juya masa da Hausa. Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Ai yana jikin takardarsa, Alhaji," in ji shi.

"Yana jiki, Baba, amma daga bakinka yake so ya ji."

Ya gyara ƙullin kayansa, sannan ya ce a hankali, "Sunan mahaifina ne aka mayar masa."

"To, faɗi sunan mahaifin naka."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe riga a kasuwa. Sufeto ya yi dariya, ya ce, "Papa wey no sabi him pikin name." Wato uban da bai san sunan ɗansa ba.

Sai ya sa aka fito da mutum uku daga ɗakin tsaro, dukkansu namu, ba riga, aka tsugunar da su a bayan kanta. Ya ce tsohon ya nuna nasa. Tsohon ya ɗaga ido sau ɗaya, bai kai ƙiftawa biyu ba, ya kau da fuska wajen taga. Na ce, "Baba, don girman Allah, wanne ne?" Ya ce, "Na tsakiyan," murya can ƙasa, yana kallon taga. Daidai ya faɗa. Amma sufeto ya buga tebur ya ce ni na gaya masa da yarenmu. Ya tambayi na tsakiyan ko wane ne wannan tsoho. Shi ma kansa na ƙasa, ya ce, "Shi ne," bai ƙara ba.

Sufeto ya jingina da kujera. Ya ce shi ma uba ne. Ya ce da ɗansa ne ya kwana uku a bayan kanta, da sai an riƙe shi, da ya rungume shi yana kuka ko gaban wa. Wannan kuwa ko kallo bai yi ba. Sannan ya sassauta murya, ya yi mini magana kamar aboki.

"Alhaji, talk true. You fit swear say na him papa?"

Tambayata yake ko zan iya rantsuwa wannan shi ne uban. Na kalli tsohon. Fuskarsa a bushe take, ba hawaye, ba komai. Sai na tuna ban taɓa ganinsa ba sai da safen nan, kuma masu baro ne suka kawo mini shi. Na tuna wanda ya tsere ya bar ni da kunya. Shakka ta shige ni, na yi shiru. Ba dogon shiru ba ne, numfashi uku ko huɗu. Sannan na ce haka aka gaya mini. Sufeto ya gyaɗa kai, ya rufe fayil, ya sa aka mayar da su ciki.

A waje na sauke wa tsohon duk abin da ke cikina. Na ce ka taso tun daga can ka kwana a kan albasa don ka zo ka kalli taga? Na ce suna kawai aka ce ka faɗa, ba naman jikinka aka ce ka yanka ba. Har 'yan okada suka tsaya kallonmu. Ya bar ni na gama, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. Mun wahalar da kai." Wannan ya ƙara ƙona mini rai, na tafi na bar shi a bakin masallacin unguwa.

Da la'asar na shiga wajen mahaifiyata, wadda a lokacin ta tsufa ƙwarai, ina ba ta labari ina huci. Ita a ƙauye ta tashi kafin aure ya kawo ta nan. Ba ta bari na kai ƙarshe ba ta ce, "Ɗan fari ne?" Na ce haka suka ce. Ta tafa hannu ta yi salati. Ta ce, "Kai wane irin Bahaushe ne? Ɗan fari, kuma mai sunan uba, ka ce ya kira shi gatsau a gaban mutane?" Na ce na san mata na yin alkunyar ɗan fari, amma namiji, kuma a caji ofis? Ta ce a garinsu mahaifinta har ya rasu bai taɓa kiran yayanta da suna ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban jama'a ba, in za a yi maganarsa sai ya ce yaron gidan nan. Ranar da yayan nata ya faɗo daga kan giginya, mahaifin bai leƙa ɗakin da aka kwantar da shi ba, amma kwana uku bai ci abinci ba. Ta ce, "Da ɗan haya ne, ai da ya fi kowa kuka. Wanda aka saya shi ne zai yi abin da ake so a gani."

Na san al'adar a matsayin labari, irin wanda ake ba mu muna yara muna dariya. Mahaifina ɗan birni ne, a kasuwa ya yi rayuwarsa cikin wasu ƙabilu, yayana ma da sunansa yake ƙwala masa kira daga wannan rumfa zuwa waccan. An tura ni in yi tafinta, na juya kalmomi daidai, amma abin da tsohon yake yi a gabana ban gane shi ba, balle in bayyana wa wani.

Ranar Litinin da sassafe na isa caji ofis. Motar da ke kai su kotu ta riga ta tafi da mutumin. Na tarar da sufeto yana shan shayi, na zauna na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurare ni har ƙarshe, bai yi dariya ba. Ya ce su ma a garinsu akwai sunayen da ba a kira. Sannan ya ce, "Why you no tell me yesterday?" Wato me ya hana ni gaya masa jiya. Ya ce fayil ya bar hannunsa, ba abin da zai iya. Har yau in na ji ana muhawara a rediyo kan yadda za a gyara aikin 'yan sanda, a koya musu sanin mutanen da suke tsaro, nakan yarda da masu maganar, amma ba na iya ɗaga murya kamar da.

Aka ajiye mutumin gidan yari. Tsohon bai koma gida ba. Ya shimfiɗa buzunsa a zauren masallacinmu, yana share harabar da safe ba wanda ya sa shi. Lokacin shuka ya yi a arewa, aka yi ta bugo waya, ya ce a bar gonar. Duk ranar zaman kotu yana can bencin ƙarshe, kansa a ƙasa, har a ɗage shari'ar a fito. Ranar ziyara kuwa yakan sa a dafa abinci, ya ɗaure a leda, ya raka ni har ƙofar gidan yari, ya miƙa mini ya koma gindin wata bishiyar mangwaro ya zauna. In na fito ba ya tambaya. Ni ne nake cewa, "Yana lafiya, Baba, ya ci." Sai ya ce, "Madalla," ya tashi mu tafi. Wani lokaci ƙarya nake yi, don mutumin ya fara tari, jikinsa duk ƙuraje.

Wata bakwai aka yi. Mai shagon bai taɓa zuwa kotu ba ko sau ɗaya, daga ƙarshe lauyan da jama'armu suka samo ya sa aka kori ƙarar. Mutumin ya fito ya rame, yana tafiya kamar mai koyo. Da ya hango mahaifinsa ya cire silifas ya tsuguna daga nesa.

"An fito?" in ji tsohon, yana kallon wani wuri.

"An fito."

"To, alhamdu lillahi."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Amma na ga carbin tsohon ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi ƙasa, ni na sunkuya na ɗauko masa.

Washegari na raka su tashar Rumuokoro. Ɗan ya shiga mota ya zauna yana tari. Tsohon ya tsaya a bakin ƙofa ya yi mini addu'a mai tsawo, ya haɗa da iyayena da 'ya'yana, har na ji kamar in nutse. Na ɗauka bai san komai ba, tun da ba ya jin buroka. Sai ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, ranar nan da ɗan sandan ya tambaye ka wani abu, na ga ka yi shiru."

Na ce, "Na yi, Baba. Cewa ya yi in rantse kai ne mahaifinsa, na kasa. Ka yafe mini."

Kwandasta yana ta buga jikin mota.

"Ba komai," in ji shi. "Kai baƙo ne gare shi. Ni da na haife shi ma shirun na yi."

Ya saki hannuna ya hau mota, ya zauna a kujerar da ke bayan ta ɗansa.