Kawu Bulus da Farar Albasar Kwaɗi

Ni ne na yi laifin, ba aladun maƙwabta ba. Gara in faɗa tun da wuri, domin ku da kuka san Kawu Bulus, yayan mahaifiyata, kun sha jin ana zagin aladun nan a Kamazou, alhali ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Kun san halinsa. Da zarar ruwan farko ya sauka, ba a shiga keke napep da Kawu a isa da wuri. Ana cikin tafiya sai ka ji, "Direba, tsaya! Tsaya na ce!" Ya sauka, ya tsuguna a bakin kwalbati gaban furen albasar kwaɗi, fasinjoji suna ta tsaki. Ran nan a hanyar Sabon Tasha wata mai tumatir ta ce, "Haba Baba, furen nan ɗan'uwanka ne?"

Ya ce, "Ya fi wasu 'yan'uwan, 'yata. Shi duk shekara sai ya zo."

A wurinmu albasar kwaɗi albasar kwaɗi ce. A wurin Kawu kuwa iri biyu ce, kuma haɗa su zunubi ne. Akwai mai jan zane a fure, wadda ta cika ko'ina. Akwai fara sol mai ƙanshi, mai son bakin rafi, ganyenta da faɗi amma ya tsuke daga gindi. Shekara shida ina zaune a gidansa, ina cin tuwonsa, kullum sai ya kira ni: "Ayuba, zo ka duba gindin ganyen nan." Ni kuwa in ce "To, Kawu," idona na kan waya.

Har mai maganin gargajiya bai bari ba. A Gonin Gora ya tarar da wani yana tallar kan albasar, wai fara ce, daga daji mai nisa. Kawu ya ɗauka, ya juya, ya ce, "Malam, dajin naka bayan gidan man can ne? Na san ta, ni da ita muna gaisawa." Mutumin ya naɗe tabarmarsa.

To, ga inda na shigo. Na so in yi akurkin kaji a bayan gida. Kawu zai tafi ƙauye jana'iza, ya ce, "Cire masu zanen, sun yi yawa. Farar kada ka taɓa." Farar nan matarsa, marigayiya Mama Saratu, ita ta haƙo ta daga rafin garinsu ta shuka da hannunta. Lokacin fure ya wuce, duk ganye ne kore. Girman kai ya hana ni cewa ban san bambancinsu ba. Na zaɓi wadda ta fi tare wuri, na sassare ta, na watsa a bola. Ashe farar ce.

Da ya dawo ya daɗe tsaye a wurin. Na yi maza na ce, "Kawu, aladun maƙwabta ne."

Ya dubi ramin, ya dube ni. "Ikon Allah! Aladen zamani har da fartanya."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da yamma ma shi ya turo mini naman da ke cikin miyarsa.

Maimakon in tuba, sai na yi dabara. Na samo wani kan albasa a gefen titi, na binne a ramin ba tare da ya sani ba. Damina ta zagayo, fure ya buɗe da jan zane raɗau! Kawu ya yi dariya har da tari. Ya leƙa ta katanga ya ce wa maƙwabcinmu, "Yakubu, ka gaishe mini da aladenka. Yana da kunya, ya mayar da abin da ya ɗauka. Ilimi ne dai babu."

Shekara uku ina riƙe da ƙaryar nan, shi kuma yana riƙe da ni a gidansa. Sai da ciwo ya kwantar da shi, idonsa ya dushe, na ga lokaci na shirin ƙure mini. Na shiga fadamu ina duba gindin ganye ɗaya bayan ɗaya, abin da ya yi shekaru yana roƙona in yi. A mako na uku na same ta, na kawo masa a bokiti. Ya shafa ganyen tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Ita ce. Ba ta Saratu ba ce, amma ita ce. Wa ya nuna maka?"

Na ce, "Kai."

Ubangiji ya ba Kawu hutawa, ya saka masa da haƙurin da ya yi da ni. Na gode wa Allah da ya bar shi ya ji abin da na faɗa a ranar, ina durƙushe a gaban gadonsa: "Kawu, ba alade ba ne, ni ne. Ni na sare shukar Mama, na kuma yi maka ƙarya ina cin abincinka. Ka yafe mini."