Harshen da Baffa Ya Zana a Bango

Ranar nan ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, sai na ji jikokina biyu a bayan ƙofa suna zaurance, wai don kada in gane abin da suke ƙullawa. Wannan ta faɗi, waccan ta amsa, suka kwashe da dariya. Ban tanka musu ba. Hannuna ne kawai ya tsaya a cikin faifan, domin ni ma na taɓa yin wani harshe da mutum biyu kaɗai ke ji a duk duniya. Sai dai namu, mai karatu, ba wasa ba ne.

Baffa ƙanen mahaifina ne. Ɗakinsa yana kusa da zaure, ƙarƙashin wani mangwaro, a babban gidanmu na Kontagora. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, kuma bai sake aure ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka Uwata yake kirana. Ita Kakar tamu Bakambariya ce daga wajen Kumbashi, a bakinta ya sha Kambarci. Dukanci kuwa a hanyar fatauci ya tsince shi tun yana saurayi. Wannan ya sa aka ɗauke shi tafinta a wani ɗakin shan magani, yana tsayawa tsakanin malamin asibiti da manoman da ke shigowa gari ranar kasuwa.

A shekarun yaƙin basasa ne abin ya faru. Masassara ta kwantar da Baffa, bai je aiki ba. Ranar wata mata daga wajen Dukku ta kawo ɗanta mai ƙazuwa. Aka miƙa mata kwalbar magani aka ce, ki shafa masa. Hausarta ba ta wuce ta sayen gishiri ba. Abin da kunnenta ya kama shi ne sha. Da Baffa ya warke ya koma, sai ga mijin matar da kwalbar babu komai a ciki. Ba faɗa ya kawo shi ba. So yake ya sani ko maganin ne ya yi kaɗan, tunda sun ba yaron duka ya sha amma bai yi rai ba. Baffa ne ya juya wannan tambaya zuwa Hausa, kuma shi ya mayar wa mutumin da amsa.

Bai ƙara komawa aikin ba.

Da bazara ta shigo, zafi ya hana kowa zaman ɗaki, shi ɗaki ya shige. Wata rana Inna ta aike ni in kai masa kunu, na tarar ya shafe bango guda da farar ƙasa, yana zane a kai da gawayi. Ga wani abu kamar fartanya, ga rabin ƙwarya, ga sawun kaza, ga ƙugiya. Na tsaya da kwanon a hannu. Ya juyo ya ce, "Uwata, zauna. Harshe nake ginawa. Wanda ba na kowa ba, don ya zama na kowa."

Tun daga ranar, in na taso daga makaranta ɗakinsa nake wucewa. Ya ce mini ajami manomi na ganinsa na malamai ne, boko kuma na Turawa, duka biyun tsoronsu yake ji. Don haka baƙaƙensa daga abin da hannun manomi ya sani ya ɗauko su. Wasula kuwa ɗige-ɗige ne a ƙarƙashin baƙi, kamar irin da aka zuba a rami. Ya daɗe yana shawarar ta ina rubutun zai fara, dama ko hagu. Daga ƙarshe ya ce a yi shi kamar huɗa: ka tafi har ƙarshen kunya, ka juyo ta mai bi mata.

Ƙa'idarsa ta farko, wadda ya rubuta can sama kusa da azara, ita ce kada wata kalma ta zauna a cikin cikin wata. Sha ya kira shi nubo, shafa kuma tesi, ko kurma ba zai haɗa su ba. Ya cire shi da ita, ya bar kalma ɗaya, wo. Na tambaye shi dalili, ya ce ban ji yadda yaran gida ke dariyar Kaka ba in ta ce "Baffanku ta dawo"? Jam'i ma ya hutar da mutane. Ya ce a Hausa gida ya zama gidaje, doki ya zama dawaki, baƙo ta ina zai kama? Shi ri kawai ake liƙawa a wutsiyar kalma. Abin da ya wuce a sa masa lu, abin da ke tafe a sa masa mi. Wo lu nubo, ya sha ko ta sha. Wasu abubuwan sun ba shi wuya. Har damina ta sauka yana fama da yadda za a yi gaisuwa ba tare da an san wa ya girmi wa ba, ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, bangon wurin ya yi toka-toka.

Ni dai daɗi nake ji. Ƙanshin farar ƙasa, ruwa na bugun kwano, ga Baffa yana tambaya ina amsawa. Ban lura ya rame ba. Ban lura ya daina zama a zaure da maza ba.

Da kaka ta yi, ya ɗauki allo ya fita kasuwa, ni ina biye. Ya sami manoma a inuwar ɗorawa sun sauke dawa, ya yi musu bayani da harshensu. Sun saurare shi da ladabi. Wani dattijo ya ce da shi, suna da nasu na gida, ga Hausa ta kasuwa, kaya na uku a wace kafaɗa za su ɗora shi? Mutanen gari kuwa dariya suka yi. Kafin mu iso gida, yara sun fara bin mu a baya.

Magana ta kai kunnen Baba ta ko'ina. Wasu suka ce ƙwaƙwalwa ce ta taɓu, wasu suka ce rubutun aljanu ne a bangon. Baba mutum ne mai sanyin hali, kuma yana son ƙanensa. Ya tara manyan gida a zaure bayan la'asar, aka kira Baffa, aka kira ni. Baba ya ce, "Ke ce kullum a ɗakin. Da wa yake magana?"

Na ce da ni yake yi. Na ce harshe ne kamar kowane, yana da ƙa'ida, kuma don marasa lafiya ya yi shi. A raina na ɗauka in suka ji yadda yake da tsari za su fahimta. Sai na juya na yi wa Baffa magana da shi, jimla mai tsawo, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Shi ma ya amsa mini, fuskarsa ta yi haske.

Sai na ji Inna daga bayan ƙyaure tana salati a hankali. Wani dattijo ya ce, "To, ga shi har ya kama yarinyar."

Na yi ta cewa ba haka ba ne, amma duk abin da na ƙara faɗa sai ya zama wata shaida. Baffa ya dubi yayansa. Kaka tana rakuɓe a bakin ƙofa. Ta fara magana da Hausarta mai karyewa, ta ce, "Ɗana ba ta da hauka." Babu wanda ya yi dariya a ranar, amma babu wanda ya saurare ta.

Aka tafi da shi ƙauye wurin wani mai magani. Ni aka yi mini rubutun sha da hayaƙi, aka hana ni furta ko kalma ɗaya. Bayan kwana kaɗan magina suka zo suka kwaɓa ƙasa. Ina tsaye a gindin mangwaron suka yaɓe bangon, suka fara daga ƙasa suna hawa. Ina bin baƙaƙen da ido ina karantawa a zuci, da sauri, kafin hannun magini ya iso kansu. Ya fi ni sauri.

Sai da aka yi wata damina sannan Baffa ya dawo. Ya yi ƙiba kaɗan, yana gaida kowa, yana zuwa masallaci, mutane suka ce an dace. Wata rana muna mu biyu na gaishe shi da harshenmu ƙasa-ƙasa. Ya dube ni, ya ce da Hausa, "Lafiya lau, Uwata. Je ki, Innarki na kira." Ban sani ba ko mantawa ya yi, ko kuwa tsare ni yake yi. Ya rasu a shekarar da aka ce an mayar da mu sabuwar jihar Neja, ban samu na tambaye shi ba.

Yanzu gari ya canza. Jikokin manoman nan su ke tuƙa keke da acaɓa, Hausarsu ta fi tawa gudu, wasunsu ma ba sa jin harshen kakanninsu. Ba a cika neman tafinta ba. Ban san ko Baffa zai kira wannan gyara ba.

Bara ɗana na fari ya matsa mini in rubuta masa abin da na tuna. Na ɗauki biro na zana baƙaƙe kaɗan, sai na iso wani da ban tabbata ba ko bakinsa sama yake kallo ko ƙasa. Na zana shi haka, na zana shi haka, duka biyun suka yi mini daidai. Na ajiye biron. Duk yadda na rubuta shi, babu wanda ya rage da zai ce mini na yi kuskure.